Wutar Fiyushan: A Yi Hattara da Alkawarin Lantarki Kyauta

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manomin rani da ke jan ruwa da inji a kewayen dam ɗin Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai, yana ganin kuɗin mai na cinye masa ribar tumatir da albasa. Ba mamaki jama'a suna kasa kunne idan aka ce ga wata lantarki nan tafe kusan kyauta, wato ta fiyushan, wadda ake samu ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra kamar yadda yake faruwa a cikin rana.

Gaskiya ne ana tace wani ɓangare na makamashinta daga ruwa. Amma arahar makamashi ba ita ce arahar wuta ba. Kuɗin yana wajen gina tashar, da canza bangon tukunyarta da ke lalacewa, da biyan bashin da aka ciwo.

A Disambar 2022, a ɗakin bincike na Livermore a Amurka, an yi gwajin fiyushan, aka harba hasken leza mai ƙarfin megajul 2.05 aka samu 3.15. Sai dai injinan lezar sun zuƙi kusan megajul 300 daga layin wuta kafin a yi harbin. Tashar gwaji ta ITER kuwa, da ake ginawa a kudancin Faransa, a 2024 ta sanar da ƙarin kuɗi kimanin Yuro biliyan 5, ta ɗage babban gwajinta zuwa 2039. Ko an gama ta, ba za ta ba kowa wuta ba.

A ɗaya gefen, farashin lantarkin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. A Kumbotso ma an buɗe tashar sola mai megawat 10 a Janairun 2023. Da wannan farashin ne fiyushan za ta yi gogayya.

Saboda haka, ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Duk wanda ya kawo muku janareta marar shan mai, ko hannun jari mai ninka kuɗi da sunan fasahar fiyushan, ɗan damfara ne. Mai son famfon sola ya auna zurfin rijiyarsa da girman gonarsa, ya nemi garanti a rubuce, in da hali a haɗa kuɗi a saya a ƙungiyance.