Maganin wanke inji: Shin zai raba mu da hayaƙin mota a zango?

Duk wanda ya tsaya bakin titin Nima ko Mamobi da sassafe ya san irin baƙin hayaƙin da motocin tirotiro da tasi ke bulbulowa, wanda yaranmu masu zuwa makaranta da iyayenmu mata masu sayar da koko da wake da shinkafa ke shaƙa kullum. Da yawa daga cikin direbobin nan 'yan'uwanmu ne matasan zango, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana kan wani magani da ake tallatawa a shagunan Abossey Okai da gidajen mai, wanda ake zubawa a tanki wai don ya kashe hayaƙi.

Gaskiya ne maganin yana aiki, amma aikinsa yana da iyaka. Sinadarin wanki ne da ke bin mai ya narkar da dattin da ya daskare a bakin nozul da bawul. Idan nozul ya toshe, maimakon ya fesa mai kamar raɓa sai ya riƙa tsiyayar da shi, man ya ƙi ƙonewa sosai, sai ka ga baƙin hayaƙi da yawan shan mai. A nan kam kwalba ɗaya tana iya taimakawa. Ana zuba ta ne idan tanki ya kusa ƙarewa, a cika da mai, sannan a yi doguwar tafiya, misali daga Accra zuwa Nsawam, don injin ya ɗauki zafi. A kula, na fetur daban, na dizal daban, kuma kada a wuce awon da aka rubuta a jikin kwalba.

To amma fa ba kowane hayaƙi yake jin wannan magani ba. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko mota ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inji, sau da yawa daga gaskit. Waɗannan aikin bakanike ne, ko kwalba goma ka zuba asarar kuɗi kawai za ka yi. Ko baƙin hayaƙin ma, a fara duba filtar iska da fulogi, domin sun fi araha.

Akwai kuma wata ɗabi'a da muke roƙon matasanmu su bari, wato fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa a sayar da abin cikinta saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Ita ce ke rage gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma babu maganin da zai maye gurbinta.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2017 Ghana ta rage sinadarin sulfa da aka yarda da shi a dizal ɗin da ake shigowa da shi daga awo 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. A Fabrairun 2024 aka fara karɓar harajin hayaƙi, sidi 75 a shekara ga babur da sidi 150 ga ƙananan motoci, kafin a soke shi a 2025. An soke haraji, amma tarin da ke damun yaranmu bai tafi ba.

Saboda haka muna kira ga masu motoci su daina matsa wa direba ya kawo kuɗin yini alhali sun hana shi na sabis. Direbobi kuma a daina barin inji a kunne cikin lungu, kusa da ƙofofin mutane. Limamai da sarakunan zango su taya mu tunatarwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.