Abin Da Ke Hana A-Kori-Kura Tashi

Duk wanda ya zauna a Gatawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ya san a-kori-kura. Ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da ke kwasar gero da wake da albasa da tumaki, ta kai su kasuwar Shinkafi, ko ta bi ta Goronyo ta sauke su Sakkwato. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Akwai Peugeot, irin motocin da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, akwai kuma tsohuwar Toyota Hilux. Wata ma ta girmi direbanta.

Babban ciwon tsohuwar mota shi ne ƙin tashi. A zamanin da, in mota ta mutu a hanya, sai a shimfiɗa tabarma a gindin itace, a jira wata ta zo. Shekarun nan sun sauya wannan. Cikin Disamba 2021 'yan bindiga suka tare wata motar matafiya kusa da Gidan Bawa, suka ƙone ta da mutane a ciki. Cikin 2024 kuma suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, ya rasu a hannunsu. Allah Ya jiƙan su. Direban da ya san haka ba ya son ya kwana a daji saboda waya ɗaya ta kwance. Don haka ya kamata ya san yadda zai gane ciwon motarsa da kansa, da sauri kuma.

Bari mu fara da yadda mota ke tashi. Inji ba ya iya ta da kansa, sai an juya shi tukuna. Motocin farko da hannu ake juya su, da wani ƙarfe mai gwiwa da ake sawa ta gaba, ya kuwa karya hannun mutane da yawa. Cikin 1912 wani mutumin Amurka, Charles Kettering, ya sa wa motar Cadillac ɗan ƙaramin inji na lantarki mai yin wannan aiki. Shi ne makanikai ke kira kik. In ka murɗa makulli, sai kik ya turo ɗan haƙorinsa ya kama wani babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji, ya juya shi, har wuta ta kama mai.

Kik kuwa daga batir yake sha. Ka ɗauki batir tamkar randa, lantarki shi ne ruwan cikinta, wayoyi su ne hanyoyin ruwa irin na lambu. Akwai kuma wani abu da fambel ke juyawa in inji na aiki, ana ce da shi altaneta, shi ne mai ɗebo ruwa yana mayarwa cikin randa. Amma wuri ɗaya lantarki ya bambanta da ruwan lambu: ba ya tafiya sai in yana da hanyar komawa gida. Yakan fita ta kan batir mai alamar +, ya bi babbar waya zuwa kik, sa'an nan ya bi ta jikin inji da jikin mota ya komo ta kan batir mai alamar −. Ko'ina aka toshe a cikin wannan kewaye, mota ba za ta tashi ba. Ka sani kuma kik mai haɗama ne, abin da yake ja a lokaci ɗaya ya fi na fitilar gaba ɗaya sau 20. Shi ya sa hanyar da ta ishi fitila ko rediyo ba lalle ta ishe shi ba.

To, ga mota ta ƙi tashi. Kada ka yi ta murɗa makulli kana fushi. Ja birkin hannu, ka fitar da giya, ka kunna fitilun gaba, ka sa yaron mota ya tsaya yana duban su. Sa'an nan ka murɗa makulli sau ɗaya, ka kasa kunne. Abin da kunnenka ya ji da abin da idonsa ya gani su za su nuna maka inda za ka sa hannu.

In fitilu sun mutu ɗif, ko kuwa ka ji "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri, lantarki ne ba ya isa. Mutane da yawa a nan sai su ce batir ya mutu, su kama neman kuɗin sabo. Ka dakata. Buɗe bonet ka dubi kawunan batir biyun nan. Sau da yawa za ka tarar da wani gari fari ko tsanwa ya taru a kansu kamar gishiri, ko kuwa ka kama abin da ke ɗaure da wayar ka ji yana juyawa a hannunka. Hanyoyinmu masu gargada su ke kwance shi, zafin asid kuma shi ke haifar da garin. Ga wata dabara: murɗa makulli kaɗan, ka saki, ka taɓa kawunan da yatsa a hankali. Wanda ya yi zafi, nan hanya ta toshe.

Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. Kashe kome, ka fara kwance wayar mai alamar −, sa'an nan mai alamar +. Dalili shi ne, in ka fara da + alhali − na ɗaure, sifana ta taɓa jikin mota, za ta yi tartsatsin da zai ƙone maka hannu. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan zafi ka wanke garin, kanwa tana kashe kaifin asid, amma ka kula kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. Kankare kan da cikin abin ɗaurin da samfefa ko wuƙa har dalma ta yi haske. Mayar da + tukuna, sa'an nan −, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a bisa. Akan ga direba ya buga ƙusa tsakanin kan batir da abin ɗaurin, ko ya ɗauki dutse yana dukan kan. Mota takan tashi ranar, amma dukan yana tsaga batir ta ciki, wata rana a tsakiyar daji zai biya.

Kada ka manta da hanyar komawa. Bi baƙar wayar nan har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka nemi kuma wata mai kauri da ta haɗa inji da jikin mota. A tsohuwar a-kori-kura tsatsa takan cinye ta, wani lokaci ma makaniki yakan manta bai mayar da ita ba bayan ya sauke inji. In babu ita, lantarki yakan nemi hanya ta siririyar wayar totur, har ta yi zafi tana hayaƙi.

In ka gyara duk wannan, fitilu kuma suna nan jajaye kamar garwashi, to, randa ce ba ruwa. Batir na irin waɗannan motoci ɗaki 6 gare shi, kowane ɗaki da farantan dalma a cikin ruwan asid. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago irinsa cikin 1859. Ma'aunin ƙarfinsa ana ce da shi bolt, rewaya yana da 'yar mita ta aunawa, ba ta kuwa da tsadar da za ta gagari mai mota. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In bai kai 12 ba, ya kusa ƙarewa. In kuma ana murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 10 nesa, ko ya cika bai da sauran ƙarfi.

Mutane suna cewa sanyin hunturu ke kashe batir, don da asubar hunturu yakan ƙi. Gaskiyar magana zafin bazara ne ke cinye shi, lokacin da ruwan cikinsa ke ƙafewa, hunturu kuwa tona asirin kawai yake yi. In batirinka mai murafe ne, ka riƙa buɗewa kowane wata. Ruwa ya rufe farantan. In ya ragu, ƙara tataccen ruwan batir, kada ka ƙara asid, gama ruwa ne ke tashi, asid yana nan. Kada ka zuba ruwan rijiya, gishirin cikinsa yana ɓata dalma. Kada kuma ka leƙa da ashana ko taba a baki, batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, yakan fashe ya watsa wa mutum asid a ido.

Sai ka tambayi kanka, me ya sa randar ta ƙafe? In an cika batir jiya, yau ya ƙare, mai ɗebo ruwa ne ba ya aiki. Danna fambel da babban yatsa, in ya lotsa da yawa ko ya tsattsage, a ɗaure ko a sake. Dubi jar fitilar nan mai hoton batir a gaban direba: ta kama in ka buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ta ƙi mutuwa, ba caji. In ba ta kama ba ko kaɗan, kada ka yi murna, a tsofaffin motoci da yawa ta hanyarta altaneta ke samun abin fara aiki. Mita kuwa, in inji na aiki, ya kamata ta nuna wajen 14.

Yanzu ga ɗaya fuskar. Ka murɗa makulli, fitilu ba su ko motsa ba, haskensu na nan garau, ba ka ji kome ba ko ka ji "ƙat" sau ɗaya. Batir ba shi da laifi, saƙo ne bai kai ba, ko ya kai kik ya ƙi karɓa. A jikin kik akwai wani abu mai kama da gwangwanin madara, wata siririyar waya daga makulli tana shiga cikinsa. Leƙa ka gani ko ta zare, ka tura ta. In tana nan, sa yaro ya murɗa makulli, kai kuma ka ƙwanƙwasa jikin kik da sifana a hankali, kana nesa da fanka. In ya tashi, 'yan burushin gawayi na cikinsa sun cinye. Wannan ƙwanƙwasa za ta fitar da kai daga daji, ba za ta yi wata guda tana yi maka aiki ba. Kai wa rewaya ranar.

In kuwa ka ji kik na kuka "wiii" shi kaɗai, inji bai juya ba, haƙorinsa ne bai kama faifan ba, wannan aikin makaniki ne. In kuma inji na juyawa sosai amma ya ƙi kamawa, ka bar batir da kik, ka dubi mai, da fiyus, da wayoyin fulogi. Fiyus in ya ƙone, a sa irinsa. Mai naɗa masa waya ko takardar kwalin taba yana shirya wa motarsa gobara. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka bar kik ya huce minti ɗaya kafin ka sake.

Saura hanyar tayar da motar da batirinta ya yi rauni. Ta farko turi. Buɗe makulli, sa giya ta 2, taka kuloci, in ta ɗauki gudu ka saki kuloci da sauri, da ta kama ka sake takawa. Direba mai hankali, in ya san batirinsa, a kan gangare yake ajiye mota. Amma in batir ya mutu ƙurmus har jar fitila ba ta kamawa, turi wahalar banza ce. Ta biyu aron wuta daga wata mota da wayoyi biyu masu kauri: + da +, sa'an nan − na mai lafiya a haɗa da jikin injin marar lafiya, nesa da batir saboda tartsatsi. Wanda ya juya su, ya ƙone altaneta nan take. Akwai ta uku da ake yi a tasha, a ɗora batirin aro, mota ta tashi, a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. Wannan ma yana ƙone altaneta, kuɗinta kuwa ya fi kuɗin wayoyin aron wuta nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata ya zauna a bayan kujerar direba kaɗan ne: sifana lamba 10 da lamba 13, da fulaya, da guntun samfefa, da fiyus biyu ko uku, da wayoyin aron wuta, da tocila. Kafin a yi lodi da safe, a cikin gari, direba ya girgiza kawunan batir da hannu, ya danna fambel, ya ta da mota ya saurari kukan kik. In ya ji ya fi na jiya nauyi, ya kira rewaya tun buhuna suna ƙasa.