Me ya sa Oscar ba ma'aunin fina-finan Spike Lee ba ce

Wanda ya jera fina-finan daraktan Amurka Spike Lee bisa kyautar Oscar zai ɗora BlacKkKlansman na 2018 a sama, domin shi kaɗai ya ciyo masa ita a gasa. Fim ne mai kyau, amma bai kama ƙafar Do the Right Thing na 1989 ba, inda 'yan sanda suka shaƙe matashi baƙar fata har lahira, shekara 31 kafin kisan George Floyd. Ko takarar gwarzon fim ba a sa shi ba. Driving Miss Daisy aka bai wa, labarin direba baƙar fata mai haƙuri da uwar ɗakinsa, wanda bai tayar wa masu zaɓen hankali ba.