Bayanin Lifta, da Abin da Ke Hana Ta Faɗuwa

Ku sani, ya ku masu karatu, duk alhajin da ya sauka a dogayen benayen Makka, da falken da ya je sari Legas ko Dubai, ya shiga ɗan ɗakin nan da ake kira lifta, mai hawa da mutum bene goma kafin ya gama gyara hularsa. Da yawa suna shiga gabansu na faɗuwa, suna cewa a ransu, in igiyar ta tsinke fa? Ga amsar wannan tambaya, da bayanin inda haɗarin yake na gaskiya.

Fasali na farko, asalinta. Injin ɗaga kaya daɗaɗɗe ne, amma mutane sun daɗe suna tsoron hawansa, domin in igiya ta katse, shi ke nan. A shekarar 1854, wajen wani babban baje koli a birnin New York na Amurka, wani makaniki mai suna Elisha Otis ya hau dandamalin ɗaga kaya, aka ja shi sama a idon jama'a, sa'an nan ya sa aka sare igiyar. Dandamalin ya ɗan zame, ya tsaya cak. Dabararsa wani sifirin ne irin na keken doki, wanda jan igiya ke lanƙwasa shi. Da igiya ta saki sai ya miƙe, ya cusa ƙarafa cikin haƙoran da aka jera gefe biyu. A 1857 aka kafa liftarsa ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti mai hawa 5 a wannan birni.

Fasali na biyu, gaɓoɓinta. Liftar dogon bene tana rataye ne da igiyoyin ƙarfe da dama, kowace guda tana iya riƙe ɗakin ita kaɗai. Igiyoyin sun haura kan wani faifan ƙarfe mai tsaga-tsaga wanda inji ke juyawa, sun sauko ɗaya gefen suna riƙe da tarin ƙarfe. Nauyin wannan tari daidai yake da nauyin ɗakin, da ƙarin kimanin rabin abin da aka ƙayyade masa ya ɗauka. Kamar mangalar jaki ce, gefe yana tallafar gefe, inji ba ya jan kome sai ratar da ke tsakani. Ɗakin kuwa yana bin dogayen ƙarafa biyu da ke tsaye jikin bango, kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo.

Fasali na uku, masu tsaronta. Na farko birki, kuma a nan hikimar take. Sifirin ne ke matse shi kullum, wutar lantarki ce ke buɗe shi. Saboda haka in an ɗauke wuta, birki ya kama da kansa, lifta ta tsaya inda take. Na biyu wani ƙaramin faifai mai igiyarsa dabam, makanikai suna ce masa gwamna, aikinsa auna gudu. In ɗakin ya wuce gudun da aka yanka masa da kimanin kashi 15 cikin 100 ko fiye, sai gwamna ya yanke wutar inji ya riƙe igiyarsa, ita kuma ta fizgo wasu weji da ke ƙarƙashin ɗakin, su ciji dogon gam, kamar yadda yaron mota ke jefa weji bayan taya a kan tudu. Na uku makullin ƙofa. Kowace ƙofa ta kowane hawa tana da shi, in guda ba ta kulle ba, inji ba ya tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na huɗu matashin ƙarfe a gindin ramin, na sifirin ga mai tafiya a hankali, na mai ga mai sauri.

Tsinkewar igiyoyi gaba ɗaya abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Misalin da ya shahara shi ne na ran 28 ga Yuli 1945, sa'ad da jirgin saman soja ya bugi benen Empire State cikin hazo, ya lalata igiyoyin wata lifta, daga baya ta faɗo hawa 75 da wata ma'aikaciya, Betty Lou Oliver. Ta ji rauni mai tsanani, amma ta rayu.

Fasali na huɗu, amanar makaniki. Haɗarin da ya fi yawa a bakin ƙofa yake da cikin rami. In makullin ƙofa ya fara gardama, makaniki kan tsallake shi da 'yar waya don ya gano ciwon. To, wannan waya in aka manta da ita, ko aka bar ta don mai gida yana gaggawa, lifta tana iya tashi ƙofa a buɗe, mutum yana ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Don haka gwani yana ƙirga wayoyinsa kafin aiki, ya ƙirga bayan aiki. Ba ya taɓa inji sai ya kashe babban makunni ya sa masa kwaɗo, mabuɗi a aljihunsa. Ba ya sauka rami ko hawa rufin ɗaki sai ya danna maɓallin tsayarwa. Yana bin igiyoyi taƙi-taƙi, yana neman silin da ya karye, da inda ta sirance, da jan gari mai kama da jar kanwa, wanda ke nuna tsatsa na cin ta daga ciki. Yana kiyaye mai ya taɓa fatar birki. In za ya saki birki da hannu don fitar da mutane, ya tuna ɗaki maras lodi sama yake gudu, domin tarin ƙarfe ya rinjaye shi.

Attajirin da ya gina bene ya sa lifta, kada ya ga kuɗin duba ta wata-wata asara ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuwa ta tsaya da shi tsakanin hawa biyu, ya danna ƙararrawa ya yi haƙuri, iska na shiga, birki na riƙe. Kada ya ɓamɓare ƙofa ya ce za ya dirgo, domin ƙarƙashin ɗakin rami ne a buɗe. Ya jira masu aikin. Allah Ya kiyaye. Tamat.