Kulle Bayanai a Manhajojin Kasuwanci: Misali daga Iyakar Tsamiya

Duk motar kayan da ta ratsa iyakar Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, tana barin bayani a rumbun kwamfuta, ko na kwastan, ko na banki, ko na kamfanin sufuri. A ƙaddara akawun wani kamfani a Tsamiya da manajansa a Birnin Kebbi sun buɗe bayanin mota guda a lokaci guda, ɗaya yana gyara adadin buhunan albasa, ɗaya yana shigar da kuɗin dako. Idan babu tsari, wanda ya adana aikinsa daga baya zai shafe na ɗan'uwansa ba tare da kowa ya ankara ba.

Maganin wannan shi ne kulle. Da zarar ma'aikaci ya fara gyara, manhaja takan rubuta sunansa, da lambar bayanin, da lokaci, da nau'in kullen. Kullen tarayya yana barin mutane da yawa su karanta, amma ba mai canzawa. Kullen keɓewa kuwa na mutum ɗaya ne tak. Manhajar SAP tana tara waɗannan a jadawali guda wanda jami'in kula zai iya dubawa, Oracle kuma tana ajiye alamar kullen a jikin bayanin kansa. Ƙa'idar da ake bi ta fito ne daga binciken Jim Gray da abokan aikinsa a kamfanin IBM a shekarar 1976, wato aiki ya gama karɓar duk makullan da yake buƙata kafin ya saki ko ɗaya.

Wani lokaci akan yi kiki-kaka: akawu ya riƙe bayanin kaya yana jiran na kuɗi, manaja ya riƙe na kuɗi yana jiran na kaya. Manhaja takan bi sawun wane ne ke jiran wane, idan ta ga jiran ya zagayo, sai ta soke aikin ɗaya. PostgreSQL takan saurara daƙiƙa ɗaya kafin ta fara wannan bincike.

A garin kan iyaka, inda layin intanet kan yanke ba sallama, babbar matsalar ita ce marayan kulle. Na'urar akawu ta ɗauke, amma rumbun yana ganin har yanzu shi ke riƙe da bayanin, mota kuma tana tsaye cikin rana, albasa tana lalacewa. Saboda haka akan sa wa kulle wa'adi, ko a koma ga wata dabarar: kowane bayani ya ɗauki lambar juyi, in an tarar ta canza a lokacin adanawa, sai a ƙi karɓar gyaran, ma'aikaci ya sake buɗewa. Wannan ta biyun ta fi dacewa da inda layi ba shi da tabbas, domin kuwa ba ta barin makulli a hannun wanda ya ɓace.