Malamin Nesa da Malamin Aji

Yawancinmu mun taɓa ganin mutum ya riƙe waya a gaban fuskarsa, yana magana da ɗan'uwansa da ke Legas ko Kumasi, kowa yana ganin fuskar kowa. Wannan shi a ke kira kiran bidiyo. Ba don gaisuwa kaɗai a ke yinsa ba. A ƙasashe da dama har karatu a ke koya wa yara da shi a cikin aji. A wannan darasi za mu ga yadda ya ke aiki, da abin da ya ke iya yi wa makaranta, da abin da ba ya iyawa.

Yadda Hoto ke Tafiya

Ku duba goshin waya, za ku ga wani ɗan ido kamar ƙwayar gero. Sunansa kyamara. Aikinsa ɗaukar hoto. Ba hoto ɗaya ya ke ɗauka ba, a daƙiƙa ɗaya ya kan ɗauki wajen 30. In aka nuna su bi da bi da sauri, sai ido ya ga kamar mutum ne ke motsi. Haka majigi ma ya ke yi. A gindin wayar kuma akwai wata 'yar kafa mai ɗaukar murya.

To, waya ba ta aika hoton yadda ya ke. Sai ta mai da hoto da murya su zama lambobi, ta ƙulla su ƙulli ƙulli, kamar yadda mai koda ke ƙulla gishiri. Ƙulle-ƙullen nan su tashi ta iska zuwa dogon ƙarfen sabis da ke kusa. Daga can su bi igiyar da aka binne a ƙasa, ko wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ko kuwa su bi ta tauraron ɗan'adam. In sun isa wancan gefe, na'urar can ta kwance su, ta jera su, su koma hoto da murya. Duk wannan tafiya ba ta cika cin daƙiƙa ɗaya ba. Hanyar da su ke bi ita ce a ke kira intanet.

In sabis ba shi da ƙarfi, waɗansu ƙulle-ƙulle su kan makara, waɗansu su ɓace a hanya. Shi ya sa wani lokaci za ku ga fuska ta tsaya cik, murya tana yankewa. Ba wayar ce ta lalace ba, hanya ce ta yi ƙunci.

Wannan dabara ta daɗe. A 1964 wani kamfanin waya na Amurka ya nuna wayar da a ke ganin juna a wani babban baje koli a birnin Niyok. Amma ta yi tsada ƙwarai. Maganar minti 3 daga Niyok zuwa Washinton dala 16 ce, don haka mutane ba su karɓe ta ba. Sai da intanet ta yaɗu abin ya yi araha. A 2016 WhatsApp ya sa kiran bidiyo a cikin aikinsa, daga nan ya shiga hannun talaka.

Yadda Aka Yi a Yurugwai

Bari mu ɗauki misalin ƙasa ɗaya, mu ga yadda ta shigar da abin nan cikin aji. Yurugwai wata ƙaramar ƙasa ce a Kudancin Amurka, tsakanin Barazil da Ajantina. Mutanenta wajen miliyan 3 da rabi ne, harshensu Sifaniyanci. Hukumarsu ta so yaran firamare su koyi Turanci, amma malaman Turanci ba su isa ba ko kusa. Horad da malami kuwa aiki ne na shekaru. In an ce a jira, yaran da ke aji yau za su fita ba su samu ba.

Sai a 2012 suka fara wani shiri a ƙarƙashin hukumarsu mai suna Ceibal, tare da taimakon British Council. Aka kafa babban allon talabijin a makaranta, da kyamara, da abin ɗaukar murya. Yaran aji 4 da 5 da 6 su na da darasin Turanci 3 a mako, kowane minti 45.

Darasi na farko malamin nesa ke bayarwa. Yana zaune a wani gari, ko ma wata ƙasa, amma yara na ganinsa a allo, shi ma yana ganinsu. Ya kan kira yaro da sunansa, ya tambaye shi, yaro ya amsa, ya gyara masa. Waɗansu malaman a Yurugwai su ke, waɗansu a Ajantina, waɗansu har Filifin, can gabashin duniya. Tsakanin Filifin da Yurugwai akwai bambancin sa'a 11. Watau in yara sun shiga aji da ƙarfe 9 na safe, wajen malaminsu ƙarfe 8 na dare ne.

Sauran darasi 2 malamin aji ke yi, shi da yaransa. Da yawa cikin malaman nan ba su iya Turanci ba sa'ad da aka fara. Kowane mako su kan shirya da malamin nesa, ya nuna musu abin da za a maimaita. Ta haka malami ya ke koyo tare da almajiransa, ba kuwa abin kunya ba ne. Cikin 'yan shekaru shirin ya kai ga yara wajen 80,000.

Ku lura da abu ɗaya. Ba a kori malamin aji ba. Ko sa'ad da malamin nesa ke magana, yana nan tsaye cikin yara. Shi ya san wanda bai karya kumallo ba. Shi ya san yarinyar da ta san amsa amma kunya ta hana ta ɗaga hannu. Shi ke duba littafi ya ga wanda ya rubuta daidai. Allo ba ya zagaya aji, ba ya raba faɗa, ba ya zuwa gidan uban yaro ya tambayi dalilin fashi. Malamin nesa ya kawo ilmin da babu a garin, malamin aji ya tabbatar ya zauna a kan yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda Babu Lantarki

Wani zai ce, ai wannan sai birni, mu ƙauyenmu ko lantarki babu. To, ga abin da aka yi a Ghana, nan kusa da mu. A 2014 aka fara wani shiri mai suna MGCubed. Malamai su na tsaye a ɗakin watsa darasi a Ankara, babban birnin ƙasar, su na koyad da lissafi da Turanci ga makarantu 72 na karkara. Aka ba kowace makaranta faifan sola, watau mai samo wuta daga hasken rana, da kwamfuta, da majigi, da kwanon da ke kama saƙo daga tauraron ɗan'adam. Yara su na ji, su na kuma mai da amsa nan take. A can ma kowane aji da malaminsa a ciki.

Kun ga ke nan rashin lantarki ba ya hana. Amma lalle a tanadi abu 4. Na farko wuta, ko ta sola ce. Na biyu sabis mai ƙarfi, da kuɗin data, don kiran bidiyo na sa'a ɗaya ya kan ci rabin giga ko fiye. Na uku allo babba da lasifika mai kyau, don yaro 50 ba za su taru a kan waya ɗaya ba. Murya ma ta fi hoto muhimmanci. In hoto ya dushe a na iya ci gaba da darasi, in murya ta ɓace darasi ya ƙare. Na huɗu mutum wanda ya san gyara, da ɗaki mai makulli. Na'urar da ba mai kula da ita, ƙura da ɓera ke gadonta.

Shekarar 2020 ta koya wa duniya wannan. Cutar korona ta sa aka rufe makarantu, a Nijeriya tun watan Maris. Ɗalibai fiye da miliyan 1,500 a duniya suka zauna gida. Masu hali suka ci gaba da karatu ta Zoom da irinsa. Yaran da gidansu ba waya babba, ba data, aka bar su a baya, sai dai darasin rediyo da jihohi da dama suka shirya. Shi ya sa kafa na'ura ɗaya a makaranta, inda ɗan mai kuɗi da ɗan talaka za su zauna tabarma ɗaya, ya fi a ce kowa ya nemi tasa.

Abin da Ya Shafi Iyaye

In irin wannan shiri ya zo garinku, kuna da hakkin tambaya. Wane ne malamin nesa, wa ya ɗauke shi aiki? Me zai koyar? Za a ajiye hoton yara, in za a ajiye, wa zai gani? Kada a ɗauki hoton yaro a watsa sai da iznin iyayensa. Kada kuma a bar yara da allo su kaɗai ba babba a ɗakin. Sa'an nan ku tambayi wanda zai biya kuɗin data da gyara bayan masu kawo kayan sun tafi. In ba a yanke wannan tun farko ba, allon zai zama ado a bango.

In an samu amsa mai kyau, ku sa hannu. Ku je ku zauna a bayan aji rana ɗaya ku gani da idonku, gani ya kori ji. Ku kuma riƙe malamin ajinku da daraja, don ko malamin nesa ya fi kowa sani, sai da shi karatun zai kama.

Tambayoyi

1. Hoto nawa kyamara ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya?
2. Me ke sa fuska ta tsaya cik a tsakiyar kira?
3. Me ya sa Yurugwai ta nemi malaman nesa a 2012?
4. Faɗi aiki 3 da malamin aji ke yi waɗanda allo ba ya iyawa.
5. Daga ina makarantun karkara na Ghana suka sami wuta?
6. Rubuta tambaya 2 da za ka yi in an kawo wannan shiri garinku.