Fitilar Ƙofar Mota Ba Ado Ba Ce

A cikin fitilun da ke gaban direba akwai wata ƙarama, galibi ja, mai hoton mota da ƙofa a buɗe. Direbobi da dama da ke jigila tsakanin Gure da Damagaram sun daina kula ta. Ta wasu ta mutu tuntuni, ta wasu kuma ba ta mutuwa ko an rufe kowace ƙofa, har makanike ya cire wayarta a huta. Alhali ita ce ke faɗa wa direba ko fasinjansa a tsare yake, ko kuwa kwana ɗaya za ta jefar da shi kan kwalta.

A tsofaffin motoci irin su Hiace da Land Cruiser da suka cika tashoshinmu, wani ɗan maɓalli ne mai hular roba a jikin ginshiƙin ƙofa. In ƙofa ta rufu sai ta danne shi, wuta ta yanke. In ta buɗe sai ya turo kai, ya haɗa waya da ƙarfen mota, fitila ta kama. A sababbin motoci an mai da na'urar cikin makullin ƙofar kansa. Wasu ma da maganaɗisu suke aiki, bisa wani ilimi da Ba'amurke Edwin Hall ya gano a 1879, don haka babu ƙarfe biyu da za su riƙa gogayya har su cinye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne makullin ƙofar mota hawa biyu gare shi. Hawan farko kamun wucin gadi ne, na biyu shi ne rufuwa ta gaskiya. Maɓallin ginshiƙi yana iya kashe fitila alhali ƙofa tana hawan farko, shi ya sa kamfanoni suka fi son na'urar da ke cikin makulli.

Kafin mota ta shiga kasuwa, ƙofarta na shan gwaji mai tsanani. A 2004, ƙa'idar farko ta duniya baki ɗaya da aka amince da ita kan motoci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan makulli da maratayin ƙofa take. Ana jan makulli da ƙarfin da ya haura nauyin tan ɗaya, dole ya riƙe. Akwai injin da ke buɗe ƙofa yana bugawa sau dubbai, na'ura tana ƙirga kowace rufuwa. Sannan ga gwajin karo. Hukumar Euro NCAP, wadda aka kafa a Turai a 1997, tana buga mota daga gefe da gudun kilomita 60 a awa. Karon kansa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ido ba ya iya bin sa, don haka ake dogara da na'urorin da aka liƙa a jikin mota da kyamarori masu ɗaukar hoto 1,000 a daƙiƙa. Tambaya biyu ake nema wa amsa: ƙofa ta buɗe lokacin karo? Bayan karo kuma, masu ceto za su iya buɗe ta? Wanda mota ta wurgo waje ya fi wanda ya zauna ciki shiga haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba.

To amma duk wannan gwaji a kan sabuwar mota ake yin sa. Motocinmu galibi na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome. A nan kuma ga rairayin ƙasar Gure da ƙurar hunturu, masu shiga makulli su haɗu da maiko su daskare. Ga girgizar hanyoyin Kelle da Tasker da ke sassauta marataya har ƙofa ta sauka daga saitinta. Ga lodin da ya wuce ƙima, mutum huɗu a kujerar mutum uku, na ƙarshe ya jingina da ƙofa tun daga tasha har masauki. Daga nan sai a koma ɗaure ƙofa da igiya ko roba, wadda ba ta riƙe komai a karo, kuma tana tare hanyar fita in wuta ta tashi.

Gyaran ba shi da tsada. Malam direba, kafin ka tashi ka kunna mota, ka buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko fitila na kamawa tana mutuwa. In ta ƙi, a wanke maɓallin ko a canza shi, kada a yanke waya. A riƙa wanke makulli ana sa masa mai kaɗan. Yaron mota kuma ya ja kowace ƙofa da hannu bayan lodi, in ta motsa ya sake bugawa. Kai ma fasinja, in ka ga ƙofar gefenka da igiya aka ɗaure ta, kana da haƙƙin ka nemi wani wurin zama ko ka jira wata mota.